Bamalli da Gwangwanin Tungar Inji

Duk wanda ya ce maka ya taɓa ganin Bamalli zaune wuri ɗaya har shayi ya huce, to ko dai ƙarya yake yi, ko kuma bana ya san shi. Ni taubashiyarsa ce. Mahaifina da mahaifiyarsa, Gwaggo Daso, ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da damar faɗin aibinsa a gaban kowa, kuma tun muna yara ban fasa ba. Mutum ne dogo siriri, mai tafiya kamar an aike shi an ce kada ya daɗe. Ko salla ya idar, a tsaye yake ƙarasa addu'a yana laluben takalmi da ƙafa.

A Tungar Inji aka haife mu. In ka bar Suleja ka miƙa hanyar Izom, akwai wata 'yar kwana ta hannun hagu da ke gangarawa wajen rafi. Yanzu in ka ce wa ɗan acaba Tungar Inji, sai ya tsaya yana kallonka. Sai ka ce sabuwar unguwa ta bayan gidan mai, sannan ya gane. Wannan abu yana ba ni haushi har yau.

Da can babu komai a wurin sai mahaɗar hanyoyin ƙauyuka. Bayan yaƙin basasa, lokacin Suleja ake kira Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa masu kwat, wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Nata'ala, ya sayo injin niƙa ya sa aka sauke masa a nan. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai Alhaji zai yi wa birai niƙa. Shi kuwa ya san abin da ya gani. Inji yana shan ruwa, ga rafi. Matan Gwari kuma ta nan suke wucewa da dawa a kafaɗa. Bai shekara ba sai ga mai ƙosai ta kafa kasko, ga maƙeri ya buɗe rumfa, ga Fulani da ƙoren nono, ga mai tebur yana sayar da gishiri da kananzir. Mahaifina ya zo ɗinki da kekensa. Aka yi sito, aka yi masallaci, aka yi gidaje. Haka wuri ya zama gari, duk a kan ƙarar inji ɗaya.

Mai tuƙa injin shi ne Malam Ghali, mahaifin Bamalli. Shi ya kifa gwangwanin madara a kan wani siririn ƙarfe daidai bakin salansa, wato bututun hayaƙin injin, yadda duk fitar hayaƙi sai ta daki gwangwanin ya yi kuka: tuu, tuu, tuu. Ba don ado ba ne. A wancan zamani babu wanda zai aiko maka cewa yau inji na aiki ko ya lalace. Mace tana ƙauyensu take kasa kunne. In ta ji kukan, ta ɗauko kayanta. In ba ta ji ba, ta jawo turmi. Kowane inji kuma da irin muryarsa, namu siririya ce mai nisa, har bayan duwatsu ana jin ta. Aikin Gwaggo Daso shi ne jera kwanuka da ƙorai a layi, kuma ba a taɓa jin ta ba wa wata garin wata ba. Masifa ce da ita, in ka tsallake layi za ka ji tarihin kakanninka.

Kowa ya ɗauka Bamalli zai gaji mahaifinsa, don tun yana ƙarami ya iya ɗora bel, ya iya wasa faifan niƙa, ya san tarin da inji ke yi in iska ta shiga mai. Ina! Gemu bai fito masa ba ya gudu Diko ya zama yaron mota. Daga nan Ikko, ya yi tallar agogo. Ya dawo ya yi leburanci a gine-ginen Abuja, ya bari. Ya yi Fatakwal, ya yi Kwantagora, har an ce an gan shi a Kamaru yana sayar da maganin basir, shi dai ya musa. Ya yi aure, baiwar Allah ta gaji da jiran mai zuwa gobe, ta tattara ta koma gidansu. In ya dawo gida, kwana kaɗan sai ka ga yana zagaya tsakar gida yana duban sama, ka san ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Na sha ce masa, "Kai ko a kabari sai an danne ka da dutse." Sai ya yi dariya ya ce in kawo dutsen.

Lokacin da Alhaji Nata'ala ya rasu, Bamalli yana Ikko. Lokacin da mahaifinsa ya rasu yana Fatakwal, saƙo bai same shi ba sai da aka tashi daga zaman makoki da daɗewa. Ya zo ya yi kukansa, ya karɓi injin don babu mai karɓa, ya riƙa tafiya yana dawowa kamar yadda ya saba.

Injin ma dai kwanansa ya riga ya ƙare. Ƙananan injuna masu fetur suka cika kowane lungu, gari kuma ya zo a leda. Magadan Alhaji suka yanka gonaki suka sayar filaye, ma'aikatan Abuja suka saya, wasu suka gina ɗakunan haya. Aka rushe maƙera, aka rushe rumfunan mata, aka sare tsamiyar da muke sha. Inda muka yi wasan 'yar carafke yanzu katanga ce da waya mai ƙaya a kai.

Gini uku suka tsira. Ɗakin inji, wanda aka gina da duwatsun rafi da jar ƙasa, kaurin bangonsa ya kai kamu ɗaya, kwanonsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Masu bulo sun zo sun duba suka ce wahalar rushe shi ta fi filin. Sai sito, mai ƙofar katako guda, da ƙugiyar sikeli har yanzu tana lilo a jikin azara, da zane-zanen gawayi da 'yan dako suka yi a bango. A bakinsa nake suyar masa. Sai masallacin ƙasa, ƙarami, ƙofarsa sai ka sunkuya, wanda tsofaffi suke yi wa yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka. Baƙi in sun zo wucewa sukan tsaya su ɗauki hoto da waya. Wata yarinya ta taɓa tambayata ko Turawa ne suka gina. Na ce mata i, Baturen ma sunansa Ghali.

A cikin wannan hali gigin tsufa ya kama Gwaggo Daso. Da farko mantuwa ce, ta sa gishiri sau biyu, ta nemi tsintsiyar da ke hannunta. Daga baya sai fita. Da an juya baya ta sa mayafi ta kama hanya, wai za ta rafi, ko za ta gidan wata ƙawarta da ta rasu tun ina budurwa. Hanyoyin da ke kanta kuwa duk an toshe su da katanga. Sai ta yi ta bin lunguna tana ƙwanƙwasa ƙofofin baƙi tana tambaya wa ya kawo gidan nan. Sau ɗaya an tsince ta a bakin titi, tirela na wucewa iskar na kaɗa mata zane. Ni da ta goya, ta daina gane ni, wata rana in zama mai tallar nono, wata rana in zama uwarta. Mutum ɗaya ya rage mata a duniya: Bamalli. Ko daga nesa ta hango tafiyarsa sai ta ce, "Ga sarkin yawo nan." Shi kaɗai take karɓar abinci a hannunsa.

A nan Bamalli ya ba ni mamaki, ya daina tafiya. Yawon dai bai daina ba, sai dai ya koma yin sa a cikin unguwa, uwa na gaba ɗa na baya yana cigiya. Kulle ta kuwa ya ce ba zai yi ba. An gwada sau ɗaya, ta yi ta dukan ƙofa har hannunta ya fashe, ya zauna yana hawaye yana ɗaure mata.

Dabarar ta zo masa ne a ranar da muka neme ta ruwa a jallo tun hantsi har azahar. Haushi da ruɗewa suka sa ya shiga ɗakin inji, ya zuba ɗan man da ya rage, ya murɗa. Injin ya yi tari, ya kama, gwangwani ya ɗauka. Ba a jima ba sai ga Gwaggo ta ɓullo ta bayan wani gida mai bene, tana sauri tana faɗa.

"Wa ya tayar da inji ban jera kwanuka ba? Ghali, kai dai ba ka da haƙuri!"

Daga ranar, da ta ɓace sai a tayar da inji, ta biyo kukan ta dawo. Wata rana sau biyu, wata rana sau huɗu. Babu hatsi, babu layi, faifai na juyawa a banza. Samari suka sa masa suna mai niƙa iska. Ni ma na kira shi da shi, don sunan ya dace. Duk abin da ya samu a gyaran janareto, a man injin yake ƙarewa.

To, kukan da ake ji har bayan duwatsu, yaya kake gani ga wanda tagarsa ke kallon salansa? Ba zan zalunci maƙwabtanmu ba, sun yi haƙuri. Malam Saifullahi, Bakatsine ne, yana aiki a Abuja, ya fita da asuba ya dawo a gajiye, ga matarsa da ɗanyen goyo. Sai Madam Chinelo, nas ce, ta kwana a asibiti ta zo ta yi barcin rana. Wata Asabar suka zo tare, suka same shi a bakin sito, ina juya masa a tanda ina jin su.

"Baba, don Allah a duba mana," in ji Malam Saifullahi. "Mun san lalurar Hajiya, wallahi ba mu ce a kashe inji ba. Amma jaririn nan da ya fara barci sai ya zabura."

Madam Chinelo ta ce, "Baba, ba injin ba ne, wannan tin ɗin ne. Yana shiga kai direct. Abeg, ko a cire shi kawai."

Bamalli ya sosa ƙeya, ya taka nan ya taka can. Ya ce zai duba. Ni kuwa hayaƙi da ciniki suka ɗauke min hankali, na ɗauka irin zai duban nan ne nasa da ba ya zuwa ko'ina.

Bayan 'yan kwanaki na tafi bikin suna a Garam. Na dawo da la'asar, ɗan acaba ya sauke ni a kwana, na sa hannu zan ɗauki ƙullin kayana, sai na ji inji na aiki. Amma babu kuka. Wani irin buf, buf, buf kawai, a dushe. Na ce inna lillahi, Gwaggo ta tafi.

Ga dalili. A Tungar Inji ba a kashe inji don mutuwa, saboda abincin mutane ne, ba za a bar ƙauyuka da yunwa ba. Abin da ake yi, in wani na gidan inji ya rasu, sai a cire gwangwani, inji ya yi aiki bebe har a tashi daga zaman makoki. Duk macen da ta ji haka daga ƙauyensu ta san ba niƙa kaɗai za ta je ba, har da gaisuwa. An yi wa Alhaji Nata'ala. An yi wa Malam Ghali. Ni na ji da kunnena duka biyun. Bamalli kuwa duka biyun yana bisa hanya, kuma ba abu ne da ake zama a ba mutum labarinsa ba.

Na yar da kayan na ruga. Da na shiga gida sai na tarar da Gwaggo da ranta. Ashe ta ɓace, Bamalli ya cire gwangwani ya tayar da inji, ta kuma dawo kamar yadda ya yi fata. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta lulluɓe kanta, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu. Tsofaffi biyu daga tsallaken rafi sun riga ni isowa suna haki, sun tsaya cirko-cirko sun rasa wa za su yi wa ta'aziyya. Bamalli na tsaye da gwangwani a hannu yana murmushi.

"Kin gani, Ummukulthum? Ko babu shi ta dawo. Kowa ya huta."

Ban san lokacin da na fizge gwangwanin na kwaɗa masa a kafaɗa ba. Na faɗa masa abin da ya yi. Murmushin ya tafi. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, babu wanda ya mutu. Ni na cire, maƙwabta ne suka yi ƙorafi."

Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da take yi min.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Ka ji abin da ya same ni ko?"

"Inna, ni ne. Bamalli ne."

"Shi ɗin fa," ta ce. "Ghali an riga an yi nasa. Ni kuma ga ni zaune. To wa ya rage a gidan nan? Dama na san a hanya zai ƙare."

Ya kama hannunta ya ɗora a fuskarsa, ya nuna mata tabon da bel ya yi masa a goshi yana yaro, ya kira mata sunayen da take kiransa da su. Ta janye hannunta a hankali, ta gyara lulluɓi, ta ce Allah ya ba da lada.

Bamalli ya tashi a guje ya hau kan duron ruwa ya mayar da gwangwani, ko ƙunar salansa bai ji ba. Kuka ya dawo, tuu, tuu, tuu, har cikin ƙirji. Muka zuba mata ido. Ni dai na sa rai, wallahi na sa rai. Sai ta miƙe tsaye, tsohuwar masifar nan ta dawo mata gaba ɗaya.

"Wane marar mutunci ne wannan? Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba za a mayar? An yi wa Alhaji, an yi wa Ghali, sai ɗana ne bai isa ba? Don ba ya zama a gida?" Ta juya ta nuna Bamalli da ya shigo yana yarfe hannu. "Kai, bawan Allah, ka ji tsoron Allah ka je ka cire min abin nan."

Ya dube ni. Ya juya ya fita, kuma ban taɓa ganin ya yi tafiya a hankali haka ba. Jim kaɗan kukan ya ɗauke.

Mun gwada duk abin da za a gwada. Liman ya zo ya yi mata bayani, ta yi masa godiyar zuwa. Madam Chinelo ta zo da kanta tana share hawaye, ta ce mu kai ta asibiti, muka kai, aka ba da magani, aka ce sai haƙuri. Malam Saifullahi ya ce a mayar da gwangwani ko goma ne, shi ya yafe barcin. Bamalli ya bar kwanaki su wuce ya sake gwadawa, ko ta manta. Tsohuwar da ke manta ta ci abinci tun kwano na gabanta, wannan ɗaya ta riƙe shi gam. A wurinta kullum jiya aka yi rasuwar.

Ba ta sake fita ba. Mai zaman makoki ba ya yawo. Mutane suna ce min ai an samu sauƙi, ba a neman ta a titi. In na ji haka sai in ji kamar in watsa musu man suya. Injin yana nan a ɗakinsa na dutse, an daina tayar da shi, gizo-gizo ya fara saƙa a jikin bel.

Bamalli kuwa yanzu da safe yake zuwa ya yi sallama a ƙofar gidan da aka haife shi, ta amsa, ta nuna masa gefen tabarma. Ta saba da shi. Tana ce min baƙon nan yana da kirki, kullum sai ya zo. A nan yake wuni. Ƙafarsa tana rawa, yatsunsa na tsinkar bakin tabarma, amma ba ya tashi, don in ya tashi sai ta ce har zai tafi ya bar ta.

Abinci ne ya fi ba mu wuya, tunda daga hannun Bamalli kaɗai take karɓa, kuma Bamalli ya mutu. Sai da ta rame sannan na gano in na ce na sadaka ne, takan ci kaɗan in akwai wanda za ta ba. Jumma'ar da ta wuce na soyo masa na kawo da zafinta na ajiye a gabanta. Ta zaɓi manya guda biyu, ta miƙa masa.

"Karɓi, bawan Allah. Sadakar ɗana ce. Ka sa shi a addu'a, bai samu mai yi masa wanka a gida ba."

Bamalli ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Allah ya jiƙansa, Inna," ya ce.

"Amin," ta ce. "Ci mana."

Ya ci, ita ma ta ɗauki ɗaya.